Jinin da Yaya Saratu ta Bar Mana

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Saratu. Duk ƙarshen damina matan zumunta na cocinmu a Samaru sukan tuna, su biyo ta gidana bayan sujada, su ce, "Malama Hanatu, ya ƙarin haƙuri?" Ni kuma in ce, "Da godiya." Haka ake amsawa, haka nake amsawa. Amma ban tabbata abin da nake yi sunansa haƙuri ba. Mai haƙuri yana jin zafi ne ya danne. Ni kuwa tun ranar da aka rufe ta wani wuri a cikina ya mutu, irin mutuwar da ƙafa kan yi idan an daɗe zaune a kanta, kuma har yau ina jira ya farfaɗo. Ban yi kuka a maƙabarta ba. Na raba wa baƙi ruwa, na nuna wa waɗanda suka zo daga nesa inda za su kwana, da aka watse na tattara kujeru. Mutane suka ce Malama akwai ƙarfin zuciya. Na bar su a haka.

Bana na ga ya kamata in rubuta wani abu a kanta, domin abin da ya ɗauke ta yanzu mun san shi, kuma na tabbata ba a gidanmu kaɗai yake zaune ba.

Mu biyu ne mata a wurin iyayenmu, ita ce babba. A gefen Bomo muka tashi. Babanmu manomi ne, ranar Lahadi kuma shi ke karanta Littafi a ƙaramar majami'ar unguwa. Yana da gemu har ƙirji, baƙi sukan gaishe shi da "Allah gafarta Malam", shi kuma ya amsa, bai taɓa gyara wa kowa ba. Mun girma muna zaton ado ne. Sai daga baya Mama ta gaya mana cewa tun yana saurayi ya raba gari da wanzami, domin in aska ta ɗan taɓa shi sai ya wuni da tsumma a haɓa. Ƙanwarsa, Gwaggo Talatu, ba mu san ta ba. Ta rasu wurin haihuwar fari, jini ya ƙi tsayawa. A gidanmu ba a taɓa haɗa labaran nan biyu ba. Gemu daban, Gwaggo daban.

Yaya Saratu ita ta kwaso abin da yawa. Da rana ta ɗan yi zafi sai hancinta ya ɓalle da haɓo. Mama ta zaunar da ita a gindin mangwaro, ta kwara mata ruwan randa a ka, ta murza ganye ta toshe hancin, tana mita: "Jinin gidan nan ba ya jin kira." In ta yi tuntuɓe, washegari wurin ya yi baƙi kamar an doke ta da sanda. Da ta fara al'ada sai abin ya zama na kwanciya. Takan yi mako guda ko fiye ba ta leƙa makaranta ba, ta tashi tafin hannunta fari fat. Mama ta ce ciwon mata ne, kowace mace da nata rabon. A aji uku na sakandare ta gaji da bin abin da aka wuce ta, ta ajiye karatu. Ni da nawa haɓon bai taka kara ya karya ba, na ci gaba har na zama malamar firamare. Ita ta fara kirana Malama, da zolaya, tun ban taɓa riƙe alli ba.

Ta sami aiki a ɗaya daga cikin gonakin gwaji na Samaru, a sashen wake. Da sassafe, kafin rana ta buɗe furen, takan tsuguna da ɗan hantsaki a hannu, ta buɗe furen wannan iri, ta ɗebo garin furen wancan ta shafa masa, ta ɗaure da zare don a gane. In aka tambaye ta aikinta sai ta ce, "Aure nake ɗaura wa wake." Ta yi fiye da shekara ashirin tana wannan tsuguno. Mace ce mai ƙaton murya da dariya, ba ta iya raɗa ba. A ƙungiyar mawaƙa an sha roƙonta ta sassauta don a ji sauran. In ta ga abin da bai yi mata ba, a nan take za ta faɗa, ta wuce, gobe ta kawo maka ƙosai kamar ba ita ba.

Mijinta Tunde a Sabon Gari aka haife shi, iyayensa daga kudu suka zo, amma Hausarsa ta fi ta wasunmu. Gyaran keken ɗinki yake yi. Keken Mama Yaya ta kai masa, ya gyara, ta ce bai gyaru ba, ta mayar. Daga baya ya gaya mini keken lafiyarsa ƙalau tun zuwan farko, kuma ita ma ta sani. Suka zauna a Unguwar Gabas, kullum ta hau mota ta Kwangila zuwa aiki. 'Yarsu ɗaya, Rahila. A haihuwarta Yaya ta leƙa lahira ta dawo. Sai da aka yi ta ƙara mata jini kafin ta buɗe ido. Aka ce mahaifa ce ba ta koma da wuri ba. Tunde ya ce ɗayar ta ishe shi, ba zai sake zaman jira a wancan bencin asibitin ba.

Ta kusa hamsin lokacin da hawan jini ya same ta. Wata safiya hannunta na hagu ya yi nauyi, maganarta ta ɗan karkace, kafin su isa asibiti ya sake ta. Likitan wani ƙaramin asibiti ya ce gargaɗi ne, in ba a kula ba na gaba shanyewar ɓarin jiki ne. Ya rubuta mata maganin hawan jini, ya haɗa da ƙaramin asfirin, ƙwaya ɗaya kullum, don kada jini ya daskare ya toshe hanya. Ya tambaye ta ko tana da gyambon ciki, ta ce a'a, kuma gaskiya ta faɗa. Bai tambaye ta haɓo ba, ita ma ba ta kawo zancen ba. Wa ke kai wa likita labarin hancinsa na yarinta? Ga gwiwoyi kuma, tsugunon shekaru ya cinye su. Wannan ba ta kai shi asibiti ba. Kemis ɗin bakin layinsu take aikawa a karɓo mata maganin ciwon gaɓoɓi, ta sha da safe kafin ta karya don ta iya kama mota.

Yaya ba ta wasa da magani. In likita ya ce kullum, to kullum ne. Nakan yi tunanin da irin mutanen nan ce masu sha kwana uku su watsar, wataƙila da yanzu tana nan tana yi mini faɗa.

Alamu sun zo, ba su ɓuya ba, mu ne ba mu iya karatunsu ba. In ta sha rake sai ka ga ja a jikin ɓawon. Baƙin tabo ya yawaita a damatsanta, ta ce ƙofar mota ce. Ta fara haki a ɗan tudun da ke tsakanin titi da gidana. Da muka ga ta ɗashe sai muka ce jininta ya yi ƙasa, aka sayo mata maganin ƙarin jini. Bayan gidanta ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ta faɗa mini, ba ta ɓoye ba, muka tambaya aka ce ai maganin ƙarin jini haka yake yi. Kuma haka yake yi ɗin. Kowane abu da muka gani yana da bayaninsa mai kyau a gefe, muka ɗauki bayanin muka kwanta a kai. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji mutane, amma namu duhun da rana tsaka ne, ido buɗe.

Wata Juma'a da la'asar ta biyo ta gidana bayan an tashi aiki. Ba ta shiga ɗaki ba, ta zauna a dakalin ƙofa.

"Malama, ba ni ruwa. Yau motar Sabon Gari ta yi mini nisa."

Na kawo mata. Na ce, "Yaya, kin ga idonki kuwa? Fari fat."

"To da wane launi kike so ya zama?" Ta yi dariya, amma dariyar ba ta fito da ƙarfinta ba.

Ta kurɓi ruwan, sai ta sunkuya gefe ta yi amai. Na farko baƙi ne, kamar an dama gawayi. Na biyu ja ne.

Maƙwabcina ya fito da motarsa muka kai ta babban asibiti. Ba zan ce ba a yi ƙoƙari ba, an yi. Tunde ya iso da baƙin mai a hannunsa, ko wankewa bai tsaya yi ba. Samarin coci suka yi layi suna ba da jini. Ana ƙara mata ta hannu, yana fita ta ciki. Na ji wani likita yana gaya wa ɗan'uwansa cewa ƙwayoyin da ke tsayar da jini adadinsu daidai yake, bai ga dalilin da zai ƙi tsayawa haka ba. Ta kwana, ta kai washegari bayan azahar. Maganar ƙarshe da ta yi mini ba wasiyya ba ce. Cewa ta yi, "Takalmina fa? Kada a bar shi a motar mutane." Na fita na kira maƙwabcin, ya ce yana ƙarƙashin kujera, zai kawo. Da na dawo an ja labule.

Aka ce gyambon ciki ne ya fashe. Muka karɓa. Muka yi shekara biyar a kan wannan.

Rahila ce ta buɗe mana ido, ba da niyya ba. Tana jami'a lokacin, tana zaune a wurina. Haƙori ya dame ta, aka cire da safe, har yamma tana tofar da jini, washegari ma haka. Mai cire haƙorin ya tura mu wurin likitar jini, wata yarinya ce da ba ta fi 'yan ajina na farko ba. Ba ta fara da allura ba, da tambaya ta fara. Kina haɓo? Al'adarki kwana nawa? Mamanki fa? Akwai wadda ta taɓa rasuwa wurin haihuwa a danginku? Akwai namijin da kaciya ko aski ya ba shi wahala? Rahila tana amsa nata, ni ina amsa na matattu. A ɗakin nan, a kan kujerar roba, na ji bakina yana jera gemun Baba da Gwaggo Talatu da hancin Yaya a layi ɗaya, karo na farko a rayuwata. Ba wanda ya taɓa tambayarmu su a tare.

Aka ɗebi jininta, aka ɗebi nawa. Wani gwajin ba a yin sa a nan, sai da aka aika da shi nesa, muka yi ta jira har na fara mantawa. Da sakamako ya zo likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa. Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, filatilet ake ce musu. In jijiya ta tsage su ne ke fara rugowa su manne a bakin tsagar su toshe ta. Amma ba sa mannewa da ƙarfin kansu. Akwai wani abu kamar gam a cikin jinin, shi ke kama su ya liƙa su da bangon jijiyar. A jikin Rahila ƙwayoyin suna nan cif, gam ɗin ne bai isa ba. Shi ya sa in an ƙirga su sai a ce lafiya lau. Ta ce yadda jiki zai haɗa gam ɗin nan gadonsa ake yi daga uwa ko uba, kamar tsawo da launin fata, kuma a gida ɗaya yakan tsananta ga wani ya sassauta ga wani. Ciwon yana da suna, sunan wani Bature ne, har yau harshena bai saba da shi ba. Rahila tana da shi sosai. Ni ma ina da shi, kaɗan.

Sannan ta kawo jerin magungunan da ba za mu sha ba sai da izininta. Na farko a ciki asfirin. Na biyu irin maganin gaɓoɓin da Yaya ke aikawa a karɓo.

Na ce, "Likita, yayata ta yi kusan shekara biyu tana shan waɗannan biyun. Su suka kashe ta?"

Ta ce, "Mama, ban gwada jininta ba, ba zan iya rantsewa ba. Asfirin aikinsa ke nan, ya rage wa ƙwayoyin nan ƙarfin kama juna. Ya ceci mutane da yawa daga shanyewar jiki, ni ma ina rubuta shi. Amma ga wanda gam ɗinsa dama bai isa ba, ɗan abin da ya rage masa ne ake ɗaukewa. Na gaɓoɓin kuma yana cin bangon ciki. In suka haɗu a jiki irin nata, ɗaya ya buɗe rauni, ɗaya ya hana shi rufewa."

Na ce, "Na gode." Rahila tana kuka a gefena. Ni kuwa ina kallon wani ƙadangare a jikin tagar, ina tunanin ko na kashe risho kafin mu fito.

Na ɗauka in na san dalili wani abu zai motsa a cikina, ko fushi ne. Na nemi wanda zan ɗora wa laifi. Likitan farko gudun shanyewar jiki ya yi mata, kuma abin da aka koya masa ya yi. Mai kemis abin da aka tambaye shi ya bayar. Mama abin da uwarta ta gaya mata ta gaya mana. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, amma ban ga wanda ya tura ta ba. Fushi yana son fuska, ni kuwa ban sami fuskar ba, sai ya koma ya kwanta inda sauran suke kwance.

Tunde ne abin ya fi taɓawa. Na same shi a shagonsa a Sabon Gari, ya kwance kan wani keke yana wanke shi da kananzir. Na gaya masa duk abin da likitar ta ce. Bai ɗago ba. Can ya ce, "Malama, ni nake miƙa mata shi. Kullum da safe, da ruwa a kofi. In ta manta ni nake tuna mata." Na ce masa ai kulawa ce, ba wanda ya sani. Ya ce, "Na sani." Ya ci gaba da goge ƙarfen da ya riga ya yi tsab. Ba mu sake tayar da zancen ba har yau. Amma Rahila ta ce tun daga ranar ko farasitamol bai ƙara miƙa wa kowa da hannunsa ba. Sai dai ya ajiye a kan tebur ya nuna.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga yau. Ina jin batun gadon ba zai ba ta mamaki ba ko kaɗan. Ita da ta yi rayuwarta tana kallon yadda hali ke bin iri, wannan ya ɗauko tsawon uwa, wancan ya ɗauko launin uba, wani halin ya lafa a shukar bana ya taso a ta baɗi. Da an ce mata jinin gidanmu ma haka ne, cewa za ta yi, "To da me kuke zato? Daga sama ya faɗo?" Abin da zai ba ta haushi shi ne a ce an san asalin kowane wake a gonarsu har kakanninsa, ita kuwa da ke ɗaura musu aure ba wanda ya taɓa tambayar nata asalin.

Da ta ga Rahila tana zaro waya tana duba sunan kowane magani kafin ta haɗiye, da ta yi mata tsiya, ta ce likitan aljihu. Da ta ga yanzu coci ba ya ɗaura aure sai an kawo gwajin sikila, da ta yaba, sannan ta ɗaga murya daga bayan majami'a ta tambayi Fasto, su masu haɓo fa, wa ke tambayarsu? Da ta bi layinsu a Unguwar Gabas za ta tarar kemis ɗaya ya zama uku, kuma har yanzu ana aiken maganin ciwon jiki kamar yadda ake aiken magi: a haɗo na gajiya, a ƙulle a leda, ba suna ba tambaya. Masu dako, masu tuƙa Keke, mata masu tsuguno a gona irinta, da shi suke tashi da shi suke kwana. Yawancinsu ba abin da zai same su nan kusa. Amma a cikinsu akwai 'yan gida irin namu, kuma ba su sani ba.

Ba ina cewa wanda likita ya ɗora a kan asfirin ya watsar don ya karanta wannan ba. Wannan ma hanyar kabari ce. Abin da nake cewa ƙarami ne. In a gidanku akwai wanda haɓo ke wahalarwa, ko macen da al'ada ke kwantarwa, ko wadda jini ya ɗauke wurin haihuwa, ko wanda cire haƙori ya zame masa jinya, to ku faɗa wa likita kafin ya ɗora biro a takarda, ko bai tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mun sani, ba mu dai san cewa labari ne da ya kamata a fita da shi daga ɗakin ba.

Rahila ta yi aure bara waccan, bana ta haihu. Tun cikin yana ƙarami likitar jini da ta masu ciki suka haɗa kai. Aka ce ba haihuwar gida, ba ƙaramin asibiti. Aka tanadi allurar da ke taimaka wa jini ya tsaya, aka ajiye jini da ruwan jini da sunanta tun kafin ranar. Da naƙuda ta zo, da hantsi ne, ni da Tunde muka zauna a baranda. Ya ƙi hawa bencin, ya tsaya a jikin ginshiƙi har aka gama. Ta zubar da jini fiye da na sauran mata, amma an san abin da ake jira, aka tare shi. Da nas ta leƙo ta ce mace ce, uwa da 'ya lafiya, sai Tunde ya sulale ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ni na tambayi nas ɗin ko za a iya kawo wa mai jego kunu yanzu ko sai an jima.

Likitar ta gargaɗe mu cewa ga masu irin jininmu haɗarin bai ƙare a ɗakin haihuwa ba, yakan dawo a makonnin jego. Don haka na tare a ɗakin Rahila. Ni ke wanke ƙyallayenta, kuma kafin in tsoma kowanne a ruwa sai na buɗe shi na duba. Ta sha ƙwayoyin da aka ba ta, jinin ya ja baya a hankali, ya ɗauke. Gwaggo Talatu ba ta ga wannan ranar ba. Yaya ta gan ta da ƙyar. Rahila ta gan ta tana zaune tana cin tuwo tana ƙorafin yaji ya yi yawa.

Tunde ya so a sa wa jaririyar Saratu. Rahila ta ce a'a. Ta ce, "Baba, in ta yi ɓarna ta yaya zan buɗe baki in tsawata wa Saratu?" Aka sa mata Alheri.

In na zauna ina auna abin da ya rage na yayata, ba shi da yawa a ido. Irin waken da ta sa hannu a kai yana gonakin mutane, ba wanda ya san akwai yatsunta a ciki, kuma ba ta taɓa neman a sani ba. A ƙungiyar mawaƙa waɗanda suka san muryarta sun fara ƙarewa. Ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Abin da ta bari yana yawo a jijiyoyinmu, ni da 'yarta, kuma ba ita ta zaɓa ba, ita ma ba ta aka yi. Amma ta bar mana shi da fassara. Sai da aka jera rayuwarta da mutuwarta a gaban likita kafin aka gane abin da ake nema a jinin Rahila. Ba ta san ta yi wannan aikin ba. Ban sani ba ko ya halatta a gode wa mutum a kan abin da ya biya da ransa ba da saninsa ba, kuma ban sami wanda zan tambaya ba.

Ko Alheri ta ɗauko, ba mu sani ba tukuna. Likitar ta ce jinin jarirai yakan ruɗi gwaji, sai ta ƙara girma za a duba. Makon jiya na raka su rigakafi a asibitin unguwa. Rahila ba ta iya kallon allura, sai ta miƙo mini ita ta juya baya. Nas ta soka a cinya, yarinyar ta tsala ihu, aka ɗora auduga aka ce in danna. Na danna. Ta yi kukanta ta gaji, ta koma ajiyar zuciya, har ta fara lumshe ido. Matan da ke bayanmu a layi suka fara gyaran murya.

Nas ɗin ta ce, "Mama, ya isa haka. Ai ya tsaya tun ɗazu."

Na ce mata to. Ban ɗaga yatsana ba.